Bat Mai Fuska Ɗaya

Ya dasa farcen babban yatsansa a kan jar robar ya danna, sannan ya kai bat ɗin hanci ya sunsuna. Mai shagon ta dube ni. Ni kuwa na mai da idona kan rigunan ƙwallo da ke rataye, kamar ba tare muka shigo ba.

"Baba, ba a danna shi da farce," in ji ta. "In ya yi shaida, ka saya ke nan."

"'Yata, roba ce fa. Tun ba a haife ki ba nake danna roba."

Ya riga ya sa ta sauko da duk wani bat na ƙwallon tebur da ke shagon, ta jera su a kan gilashin kanta, daga na cikin leda har na cikin jaka mai zif. Ya ɗauki wannan ya jinjina, ya ƙwanƙwasa wancan da yatsa ya kara a kunne. Tun da hantsi muke wurin, na bar shagona a kulle, kuma ranar ciniki ce. Raina ya soma ɓaci.

Mutumin maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni mai aski ne, shi mai faci, rumfarsa tana kallon shagona, titi ne kawai a tsakani. A gefen shagon nawa akwai teburin wasa a ƙarƙashin rumfar kwano, na saye shi ne don masu jiran layin aski su daina sulalewa. Tun ranar da aka kafa teburin nan mai faci ya samu aiki na biyu wanda ba wanda ya ɗauke shi. Daga can tsallake, da taya a tsakanin ƙafafunsa, yake gyara wa kowa wasa. Wannan bai lanƙwasa gwiwa ba, wancan ya ɓoye ƙwai da hannu wajen sabis, wato bugun farko, wane ya tsaya kamar turken fitila. Ƙwai shi ne sunan da samarin ke kiran 'yar farar ƙwallon. Dokokin wasan kuwa ya haddace su tas daga talabijin ɗin shagona, in ana nuna gasa har mai mota sai ya jira da tayarsa. In gardama ta tashi a kan maki, abin da ya faɗa shi ne, don bai taɓa son kai ba. Haka ya samu sunan Koci, har matarsa da shi take kiransa in tana so ta tsokane shi.

Abin da kowa ya sani kuma ba a cika faɗa ba, Koci bai taɓa riƙe bat ba. Ko sau ɗaya.

A shekarar da nake ba ku labari ƙafafunsa suka fara kumbura, har sai da ya yanke bakin silifas ɗinsa da reza. Numfashi ya riƙa yi masa gardama, in ya ɓamɓare taya ɗaya daga wili sai ya zauna ya huta. Daga baya ya rufe rumfar gaba ɗaya. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ita ta tare ni a ƙofar gida ta gaya mini abin da likita ya ce: zuciyar ta gaji, magani zai ɗan riƙe ta ne kawai, kuma ba na dogon lokaci ba. Ta ce shi ba a gaya masa ba, amma ba yaro ba ne.

Maganar bat ta taso ne a kujerar askina. Na ɗaura masa ƙyalle, na fara bi da kilifa, sai ya tambaye ni ko na tuna abin da Bahago ya taɓa faɗa masa. Bahago shi ne gwanin teburin, mai ɗinkin kujeru ne a bayan layi, da hannun hagu yake wasa. Wata rana an cinye shi, Koci yana ta yi masa surutu daga tsallake, shi kuma cikin haushi ya ce Baba ya taso ya nuna musu mana, ai baki kowa ma yana da shi. Aka yi dariya, har da Kocin. Ni na ma manta.

"Ni ban manta ba," in ji shi, yana kallona ta madubi. "Ba na so in tafi ana cewa baki kawai gare ni. Wasa ɗaya nake so, da yamma, a gabansu, ni da yaron nan."

Na ce ga bat nan a akwati, ya ɗauka ko yanzu. Ya ce waɗancan? Robarsu ta cinye ta yi sulɓi, in taya ce ko maƙiyinsa ba zai bari ya hau titi da ita ba. Nasa yake so, sabo. Ya sayar da tarin tsofaffin tib da wasu wili biyu da suka daɗe a rumfar, abin da aka ba shi ya naɗe a aljihu. Yaya ta ce wannan nasa ne, ya yi abin da ya ga dama, amma kuɗin magani ko kallonsu kada ya yi. To da wannan ɗan abin muka hau mota muka zo shagon kayan wasa.

Mai shagon mace ce mai haƙuri, da gani ita ma ta taɓa wasan. Ta tambayi wanda za a saya wa. Koci ya ce wani ɗan koyo ne. Ta ce shekarunsa nawa, ya ce ya dai girma. Ta saukar da ido ta dubi silifas ɗinsa, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta ture masu arhar nan da ke zuwa biyu a leda tare da ƙwai, ta ce robarsu matacciya ce, ɗan koyo ba zai koyi komai da su ba. Ta ture masu tsadar ma, ta ce ko da kuɗin sun kai ba ta ba shi shawara, sun cika sauri, ƙwai na taɓa su sai ya tashi sama. Ta ware guda uku na tsakiya. Ta ce a duba abu kaɗan ne: ya zama marar nauyi, soson da ke ƙarƙashin robar kada ya cika kauri, mariƙin ya zauna a hannu, robar kuma ta kama. Ta ɗauko ƙwai ta goga a kan ɗaya, ya tirje yana ƙara maimakon ya zame. Wannan gwajin ya burge Koci, ya karɓa ya gwada a kan dukkansu, yana gyaɗa kai. Na ce alhamdulillahi, mun kusa tafiya.

Sai idonsa ya faɗa kan wani can gefe, mai kaurin soso, ledarsa har ta yi ƙura. Ta ce tsohon kaya ne, an rage masa kuɗi don ba mai ɗauka, ya yi nauyi, kuma na masu ƙarfin bugu ne. Ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina, fuskarsa ta washe. A sana'arsa taya mai nauyi ita ce mai kyau, marar nauyi kuwa ta 'yan damfara ce, wata biyu ta fashe.

"Baba, ɗan koyon nan yana da ƙarfin wuyan hannu?"

"Da wannan hannun nake ɓamɓare tayar tirela." Ya ga ya tona kansa, bai damu ba. Ya danna farce a ɗaya fuskar ma. "Wannan shi ne kaya. Zai yi shekara goma bai ce komai ba."

Ta dube ni, in sa baki. Me zan ce wa mutumin da ke sayen abu don shekara goma? Ya warware kuɗinsa ya biya, ta ƙara masa ƙwai biyu kyauta. A mota na rasa inda zan sauke haushina sai na sauke a kansa, na ce ya sa mace ta ɓata bakinta a banza, ya kuma ɓata mini ciniki. Ya ce aski na iya, ba roba ba.

Ya ce ba zai koya a gaban yaran ba, don haka muka riƙa fitowa da sassafe, kafin a buɗe shaguna, lokacin ba kowa a titin sai mai shara. Ranar farko ya tsaya yadda yake koya wa mutane, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a buɗe, wallahi in ka gan shi sai ka ce tsohon ɗan gasa. Na turo masa ƙwai a hankali. Ya kai hannu bayan ƙwan ya wuce. Na sake turowa, ya same shi, ƙwan ya tashi ya daki kwanon rumfa ya faɗa kwata. Haka muka yi ta yi, shi yana bugu ni ina tsallen kwata da ƙafafun wandona a naɗe. Kafin rana ta fito sosai bat ɗin ya fara rinjayar hannunsa, kansa yana kallon ƙasa, shi kuma yana haki yana dafe da tebur. Ya ce teburina ne ya karkace.

Da muka yi safiya uku ko huɗu a haka, na ɗauki bat ɗin ba da saninsa ba na koma shagon. Mai shagon ta juya shi a haske ta nuna mini shaidar farce, gaba da baya. Ta ce da ikonta ne da ta canza, amma kaya na mai kaya ne, ita tsaro take yi. Ta tambaye ni jikinsa, na ce da sauƙi, irin amsar da ake bayarwa.

Na dawo na same shi zaune a bakin rumfarsa, ya sa an ɗaga masa ƙofar. Ya miƙo hannu ba tare da ya tambaye ni inda na je ba. Ya ce shi ma ya yi tunani. A gasar talabijin akwai masu riƙe bat kamar biro, da fuska ɗaya kawai suke bugu, to ɗaya robar nauyin banza ce. Ya sa reza a gefen baƙar fuskar, ya ɗan zuba fetur a ƙarƙashi don gam ɗin ya saki, ya ɗaye ta a hankali yadda yake ɗaye tsohon faci. Hannun da bat ke rinjaya a bakin tebur, a nan ko gezau. Ya goge katakon da samfefa, ya rage ƙasan mariƙin da magagari, sannan ya aike ni shagona in kawo masa baƙin rinin gashi, wanda nake shafa wa masu ɓoye furfura. Wai doka ta ce ko ba roba, fuskar ta zama baƙa. Na ce wa zai duba wannan a bakin titi? Ya ce shi. Ya ƙara da cewa an yarda ka bar katako tsirara, amma in ka buga ƙwai da shi, makin na abokin wasanka ne.

Bat ɗin ya yi sauƙi, gaskiya. Bai kai wanda matar ta zaɓa ba, amma ya daina rinjayarsa. Ya fara mayar mini da ƙwai sau ɗaya, sau biyu, wata safiya har muka yi ta kai da kawowa sai da ni na kuskure. Ya tsaya yana dariya yana tari. Na ce to a sa rana mana, ya ce tukuna, sabis ɗinsa bai nuna ba. Kullum akwai abin da bai nuna ba. Ni kuwa ina kallon ƙafafunsa, kumburin ya wuce gwiwa, kuma ba ni da bakin da zan ce masa lokaci ba namu ba ne.

Sai jikin ya tashi. Aka kwantar da shi asibiti, aka zuƙe masa ruwa, aka sallamo shi ya rame daga wuya zuwa sama. Kwanciya ta gagare shi, a zaune yake barci da matasan kai a bayansa. Na shiga gaishe shi, Yaya ta biyo ni tsakar gida ta wanke ni tas. Ta ce ni da teburina za mu ƙarasa mata miji, mutum yana fama da numfashi ina fitar da shi cikin sanyin safiya yana tsalle. Na ce ni nake tsallen, shi a tsaye yake. Ba ta yi dariya ba. Na ba ta haƙuri na fita, na kuma sa a raina maganar wasa ta mutu.

Ita ɗin ce kuma ta zo shagona bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina tsakiyar gyara wa wani gemu. Ba ta taɓa taka shagon ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta.

"Ya ce yau."

"Yaya, zai iya tsayuwa kuwa?"

"Ban sani ba. Tun safe yake riƙe da abin nan, ya ƙi cin abinci. In na hana shi, da wannan nadamar zan zauna."

Na ƙarasa gemun a gurguje, na aika aka kira Bahago daga wurin aikinsa. Ya zo da zare a jikin rigarsa. Na ja shi gefe na gaya masa halin da ake ciki, na ce ya bi tsohon a hankali, ya bar masa 'yan maki, in ya kunyata shi kada ya sake taka rumfata. Bahago ya ce shi fa waccan maganar da wasa ya faɗe ta. Na ce ai ka faɗa.

Samarin suna kan tebur lokacin da Koci ya fito. Ya sa farar riga mai gajeren hannu, ya tsuke wando da bel, Yaya tana gefensa. Tazarar ƙofar gidansa da rumfar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai da ya huta a hanya. Da suka ga bat a hannunsa aka fara 'yar dariya da tafi, da ya matso suka ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Na jawo masa kujera, ya ce ba a buga wasan nan a zaune. Yaya ta zagaya bayansa ta cusa yatsunta a bel ɗinsa ta riƙe da hannu biyu. Ba wanda ya ce mata ta yi.

Ni ke ƙirga, wanda ya fara kai maki goma sha ɗaya shi ya ci. Bahago ya turo wani sabis mai laushi, irin wanda ake yi wa yaro, Koci ya mayar, Bahago ya tura ƙwan cikin raga. Aka yi tafi. Ya sake yi, wannan karon ya buga waje da gangan, ko makaho ya gani. Koci ya kife bat ɗin a kan tebur.

"Haka na koya maka sabis?"

"Baba, hannuna ne bai saki ba."

"Ƙarya kake. Mai aski, goge makin nan, ba nawa ba ne. In sadaka za ka ba ni, ka kawo gida."

Bahago ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa, don ni ma an kama ni. Ya goge tafinsa a wando, ya sunkuya, ya saki sabis ɗinsa na gaskiya, mai murɗawar nan da ke kauce wa mutum. Ƙwan ya taɓa bat ɗin Koci ya yi gefe ya nufi titi. Koci ya gyaɗa kai, ya ce yauwa.

Daga nan maki ya riƙa tafiya gefe ɗaya. Ba wai bai taɓa ƙwan ba, ya taɓa. Sabis ɗinsa biyu sun haye raga lafiya lau, Bahago ya mako su. Akwai wani zagaye da ya mayar har sau huɗu, rumfar ta yi tsit ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, da numfashinsa, kafin ƙwan ya wuce ta ƙarƙashin hannunsa. In ya kai jiki gaba sai Yaya ta tafi da shi, in ya dawo ta tare shi da ƙirjinta. Rigarsa ta jiƙe ta manne. Sau biyu ina cewa a huta, yana kaɗa mini bat. Ina ƙirgawa muryata tana raguwa, har muka kai goma da babu.

Bahago ya yi sabis, Koci ya mayar, Bahago ya tura masa can gefen hagu inda mai riƙon biro ke shan wuya. Koci ya miƙa, Yaya ta kusa faɗuwa, hannunsa ya juya, ƙwan ya daki bat ɗin ya haye raga da kyar, ya sauka a ɗan bakin tebur ya mutu. Bahago ya yi tsalle bai kai ba. Wannan kam ba kyauta ba ce, kowa ya gani. Rumfar ta kaure, har masu jiran aski sun fito da ƙyalle a wuya. Na ɗaga murya na ce Bahago goma, Koci ɗaya.

Koci yana dafe da tebur da hannu ɗaya. Ya jira hayaniyar ta lafa, don ba shi da numfashin da zai ɗaga murya. Ya juya bat ɗin ya nuna mana baƙar fuskar.

"Katako ne ya buga. Makinsa ne."

Bahago ya ce shi bai ga komai ba. Samarin suka ce su ma. Na ce Koci, don Allah, maki ɗaya ne fa, kuma ni ne alƙali.

"Kun ji ƙarar ai. Ba irin ta roba ba ce." Ya dubi Bahago. "In ba ka ji ba, kunnenka ma yana son gyara. Wasa ya ƙare."

Na ji haushinsa a lokacin nan har wuyana, na kuma ji idona ya cika, na rasa wanne zan fara da shi. Ya miƙa wa Bahago hannu ta saman raga, yadda ake yi a talabijin, ya miƙo mini, sannan ya juya ya miƙa wa matarsa. Ta ture hannun, ta ce ya zo ya zauna kafin ya faɗi a kanta.

A kujerar askina muka zaunar da shi, na kunna masa fanka, aka kawo ruwa. Samarin suka cika ƙofa. Ya daɗe idonsa a rufe, ƙirjinsa yana hawa da sauka, har na fara tunanin neman mota. Can ya buɗe ido ya ce ashe ƙwan nan sauri gare shi haka, daga tsallaken titi ba a gani. Ya ce da ya sani da ya rage musu ihu. Aka yi dariya, wasu suna share ido. Ya nemo Bahago a cikinsu ya ce amma shi har yanzu ba ya lanƙwasa gwiwa. Bahago ya ce zai gyara, Baba. Shi da wani suka kama shi suka kai shi gida, ƙafafunsa da kyar suke taɓa ƙasa.

Bai sake fitowa ba. Kwana kaɗan bayan nan, da hantsi, ina wanke kilifa, na ji muryar Yaya ta katanga tana kiran sunansa na gaskiya, wanda na daɗe ban ji ba. Ta kira, ta sake kira. Na ajiye abin da ke hannuna na kulle shago. Na same shi a zaune yadda yake barci, kansa ya ɗan karkata, kofin shayinsa a gefe bai huce ba. Allah ya jiƙansa.

Kafin mutane su taru, tana zaune a bakin gado ta ce mini kwanakin nan ya dame ta da wani ɗan ciwo a yatsa. Katakon bat ɗin ne ya goge shi ranar wasan, ya yi bororo. Ta kawo allura za ta fasa masa ya hana, ta kawo man shafawa ya hana. Duk wanda ya shigo dubiya, maimakon ya ba shi labarin zuciya da kumburi, sai ya ɗaga masa yatsa. Wai sauran ciwon duk zuwa suka yi suka same shi, wannan kuwa shi ya je ya samo abinsa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na zo hannun dama na buɗe yatsun a hankali. Tafin da na sani da kanta da baƙin mai ya yi laushi tun da ya bar aiki, ya yi fari kamar ba nasa ba. A gefen yatsan tsakiya ga bororon nan, ƙarami, cike da ruwansa, bai fashe ba. Na zuba ruwa a kai, na bi gefensa da yatsa don kada in fasa shi.